Ranar da Garmaho Ya Je Gayya

Har yau ban yarda cewa waƙar nan ba ta da daɗi ba. Na faɗi haka tun farko ne don kada wani ya karanta abin da ke tafe ya ce tsufa ya sa na tuba. Ban tuba ba. Waƙa ce mai kyau, ni ne na kai ta inda ba a gayyace ta ba.

Damina ta biyu ce bayan samun mulkin kai. Ina ɗinki a kasuwar Bodinga, ina da keken ɗinki nawa na kaina, ina da gashin baki da nake gyarawa kullum, kuma ina ganin duk garin babu wanda ya kai ni wayewa saboda na taɓa kwana uku a Kaduna. A lokacin ne aka yi wa wani akawu ɗan Kudu, ma'aikacin gyaran hanya, canjin wurin aiki, ya fito da kayan ɗakinsa yana sayarwa. Mutane suka wawashe tukwane da katifa. Ni kuwa na ɗauki garmaho, irin mai hannu da ake murɗawa, da gwangwanin allurai, da faifai ɗaya tak. Gefe guda na faifan ya karce, ba ya fita, saboda haka waƙa ɗaya na saya. Akawun ya ce sunan irin kiɗan rok, kuma samarin ƙasar Turawa ba sa jin komai sai shi. Ban san abin da mawaƙin ke cewa ba, har yau ma ban sani ba.

Ga yadda take. Ba ta sallama. Da allura ta sauka sai jita ta fashe da kuka, kafin ka gyara zama ganga ta shigo. Makaɗin yana dukan gurbin da makaɗanmu ke tsallakewa, shi ya sa kafaɗarka ke motsi ba da izininka ba. Ƙarƙashinsu akwai wata tsirkiya mai kaurin murya da ke tafiya ɗaya-ɗaya, ba gaggawa, ba tsayawa. Sai mawaƙin, wanda ke ihu kamar an taka masa yatsa a kasuwa amma yana jin daɗin takun. A tsakiya yakan yi shiru ya bar wa jita fili, ta hau sama ta yi ta lanƙwasa. Sau biyu kuma a cikin waƙar komai yakan ɗauke ɗif, tsawon numfashi biyu, sannan su dawo gaba ɗaya da ƙarfi. Wannan wurin na fi so. A ƙarshe ba sa tsayawa, sai dai sautin ya yi ta raguwa har ya ɓace. Idan ina taka keke da ita, kafin ta ɓace na haɗa hannun riga.

Maƙwabcinmu makaɗin noma ne, dattijo siriri mai tari, katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da namu. Baba muke ce masa. Duk gayyar da za a yi daga Bodinga har Sifawa, shi ake kai wa goro. Wata ranar kasuwa ya biyo ta gaban rumfata, ya tarar da samari sun cika ta suna kaɗa kai. Aka ba shi benci ya zauna. Ya ce in sa masa abin daga farko. Na sa. Ya ce in ƙara. Sai da ya ji ta sau uku, idonsa a rufe, yatsansa na taɓa gwiwa.

"Wanga makaɗi hannu nai na da kyau," in ji shi. "Bai kuskure ko guda. Mai tsirkiyar ga ta ƙasa kuwa, shi na dattijon cikinsu, shi ka riƙe da su. In ba don shi ba da sun watse tun hwari. Mai ihun ga, Allah shi ba shi lahiya."

Samari suka yi dariya. Ni na fara washe baki, ina jin kamar ni aka yaba. Sai Baba ya ci gaba.

"Amma sau ukku munka saurara, sau ukku yat tsaya wuri guda. Bai ɗaga kai shi dibi kowa ba. Bai san wa yag gaji ba, bai san wa yash shigo ba. Kuma wa shika kira? Ban ji an ambaci uban kowa ba. Sannan wagga ba ƙarewa ta ba, sulalewa sunka yi, awa wanda yac ci tuwon biki yab bi ta bayan gida."

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma samari na kallona, kuma ina da bakin da ba ya jiran shawara. Na ce, "Baba, zamani ya canza, tuta ma an canza ta. Wanga makaɗi ba a ba shi goro, bai tari, bai neman inuwa."

Baba ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Allah shi ba da sa'a," ya tafi. Na san na yi ɓarna, amma na ƙara murɗa garmaho don kada a gane na sani.

A wannan daminar ina neman aure a Shagari. Ranar kasuwar garin nakan ɗora keke a mota in je in kafa rumfa, a nan na ga yarinyar, ta kawo zane a yi masa baki, ta tsaya tana gyara mini layi kamar ita ta koya mini ɗinki. Ta so ni, na so ta. Matsalar uban ce. Manomin gero da albasa ne, mutum marar yawan magana, kuma an ce mini yana kirana "wancan da ke noma da ƙafa yana zaune". Ga wani saurayi daga Dandin Mahe shi ma yana nema, mai kafaɗa irin ta masu dakon buhu. Da manyana suka aika, uban ya ce ba zai ce komai ba sai ya ga gayyata. Haka ake yi: mai neman aure ya tara abokansa su je su nome gonar surukai a yini ɗaya, ganga na binsu. Idan gayya ta yi kyau, magana ta yi kyau.

Uwata ta ce in kai wa Baba goro. Na ce to. Na sayi goron, na wuce ƙofar gidansa sau biyu, na kasa shiga. A karo na uku sai shaiɗan ya raɗa mini wata dabara, ni kuma na karɓe ta hannu biyu. Waƙar da ke sa ni haɗa hannun riga kafin ta ƙare, me za ta yi wa fartanya? Na cinye goron da kaina.

Muka tafi mu goma sha huɗu a motar asuba, teloli da mahauci da babban abokina wanzami, garmaho na kan cinyata lulluɓe da sabon yadi. An yi ruwa jiya, ƙasa ta yi laushi. Noman fari ne, geron bai wuce taƙi ɗaya ba. Samarin Shagari su ma sun fito taya mu, har da saurayin nan na Dandin Mahe, wanda ya zo kallo da fartanyarsa a kafaɗa. Uban yarinyar yana tsaye a bakin gona. Ya duba bayanmu, ya sake dubawa.

"Ina makaɗinku?"

Na yaye yadin. Na ce, "Ga shi, Baba."

Ya kalli akwatin, ya kalle ni, ya ce, "To."

Aka kifa turmi a gindin gawo, na ɗora garmaho, na murɗa, na sauke allura, na ruga na kama kunyata. Kai, in ba ka ga farkon nan ba ba ka ga komai ba. Jita na fashewa mutum wajen talatin suka duƙa tare. Gangar nan ta shiga ƙugunsu. Ƙasa na tashi, ciyawa na kwanciya, mahauci na ihu yana amsa wa mawaƙin da harshen da shi ma bai sani ba. Na saci kallon surukin nawa na ga ya ɗan buɗe baki. A raina na ce an gama, a fara shirin lefe.

Sai kiɗan ya ɗauke.

Abin da na manta ke nan, ni da aka haifa a garin. A gayya ganga ba ta yin shiru a banza. In ta ɗauke, ko fura ta iso, ko wani babba ya shigo gona, ko an ga maciji. Ko wanne ne, ɗaga kai ake yi. Ba wanda ya taɓa koya wa kowa wannan, baya ne ya san shi. Mutum talatin suka miƙe tsaye lokaci ɗaya, rabi na duban hanya, rabi na duban ƙafarsu. Kafin su gama duba Turawa suka dawo da ƙarfi, kowa ya firgita ya saki fartanya inda ta faɗa. Inda ta faɗa kuwa gindin gero ne.

Na ɗaga hannu na yi bayani. Na ce shirun cikin waƙar yake, ado ne, kada kowa ya tsaya. Suka ce sun ji. Shiru na biyu na zuwa suka miƙe, har da ni.

Ba mu kai sulusin kunya ba waƙar ta fara sulalewa. Mutane suka riƙa rage hannu suna karkata kunne wajen gawo, suna bin ta, har ta bar su duƙe ba su san ko su ci gaba ko su tashi ba. Na jefar da fartanya na ruga, na murɗa, na canza allura, na dawo. Kafin in daidaita bayana ta sake ƙarewa. Da muka yi nisa da gawo kuma sai wata fitina ta ɓullo: na kusa da turmi suna jin kiɗa suna gudu, na can gefe ba sa jin komai sai numfashinsu, layin gayya ya lanƙwashe kamar lauje. Abokina wanzami ya ce zai ɗauki akwatin a ka ya riƙa binmu, yadda makaɗi ke yi. Ya yi gammo ya ɗauka. Taku ɗaya, allura ta yi tsalle. Taku biyu, ta maƙale, mawaƙin ya kama ihu ɗaya yana maimaitawa ba ƙaƙƙautawa, wanzami ya daskare a tsakiyar gona yana tsoron motsi. Muka mayar da shi kan turmi, muka riƙa jan turmin.

Lissafin da ban yi ba shi ne wannan: duk safiyar nan mai neman auren yana gudu tsakanin kunya da akwati, na Dandin Mahe kuwa yana noma. Bai ma kula da kiɗan ba, nasa yake yi a hankali, kunyarsa tas, ba gero ɗaya da ya taɓa. Na tsane shi ƙwarai a ranar, kuma bai yi mini komai ba.

Wajen hantsi mutane suka fara saki. Saurin waƙar nan na safe shi ne na hantsi, ba ta ragewa ko kaɗan. Makaɗi mai ido da ya ga gumi ya kai ƙugu sai ya sassauta, ya matsa kusa da wanda aka bari a baya, ya kira sunan ubansa da na kakansa har mutumin ya ji kunya ya taso. Wani saurayin Shagari ya dafa fartanya ya ce, "Tun sahe nika noma ba wanda yak kira ni. Don wa za ni kashe kaina?" Ya nufi inuwa, biyu suka bi shi.

Abu ɗaya dai muka ci nasara a kai. Bayan an sa waƙar wajen sau ashirin, gadon bayan mutane ya haƙura, ya daina miƙewa in an yi shiru. Daidai lokacin ne mata suka iso da fura, yarinyar da nake nema tana gaba da babbar ƙwarya a ka. Suka tsaya a bakin gona suna jiran kiɗa ya ba su hanya. Kiɗa ya ɗauke, ba wanda ya ɗaga kai. Ya dawo. Ya sake ɗaukewa, ba wanda ya ɗaga kai. Sun daɗe a tsaye, sai da na rugo murɗa akwati na gan su. Ta sauke ƙwaryar tana murza wuya, ta dube ni ta ƙasan ido.

"Makaɗin naka makaho na?"

Matan suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Uban ya tako a hankali har gindin gawo. Ya tsaya gaban akwatin, hannayensa a baya, ya saurari jita tana hawa sama. Sannan ya ce mini, cikin ladabi kamar yana maganar wani babban baƙo, "Sallame shi hakanan, ya yi ƙoƙari." Na ɗage allura. Shirun da ya biyo baya ya fi duk na cikin waƙar nauyi.

Rabin gona muka nome. A rabin ma, duk inda kiɗa ya taɓa ɗaukewa akwai giɓi a jere daga wannan gefe zuwa wancan, kana iya ƙirga sau nawa aka sa faifan daga nesa. Abokaina suka sha fura suka kwanta a inuwa kamar an yi musu duka. Ni na kasa sha. Ina kallo uban yarinyar ya koma cikin gona shi kaɗai, ya duƙa, yana cire gero daga inda ya yi yawa yana dasawa a inda muka sare. Bai kira kowa ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na tashi na bi shi.

Bai kore ni ba. Ya nuna mini yadda ake ciro shi da ƙasarsa, yadda ake karya kan ganyen, yadda ake danne gindin da dunduniya. Muka yi ta yi, shi a gaba ni a baya, ba kiɗa ba magana. Muka tsaya muka yi azahar, muka koma. Tafin hannuna ya kumbura ya fashe. Sai wajen la'asar ya yi magana, ba tare da ya juyo ba.

"Na san ubanka."

Ubana ya rasu ina shekara bakwai. Abin da nake tunawa da shi kaɗan ne, ƙafarsa mai faso da warin tabarsa.

"Gayya ukku munka yi tare da shi. In ganga ta kira shi, ba ka ganin komi sai ƙura. Da anka ce ɗa nai ka neman ɗiyata, nic ce to, za ni ji gangar Bodinga cikin gonata kahin in mutu." Ya danne wani gindi da dunduniya. "Sai ga ka da akwati."

Na ce, "Baba, na yi kuskure."

"Ka yi. Amma ka taso ka yi dashe, ban kira ka ba. Ɗiyata na son ka, ta hwaɗa ma uwatta. Ran Alhamis manyanka su taho. Sai dai mai gangar Bodinga, maƙwabcinku, shi taho cikinsu. In bai zo ba, kak ka wahal da su."

Muka kama hanyar komawa Bodinga. Abokaina na ta yi mini murna, ni kuwa na san aurena yanzu yana hannun mutumin da na ci wa fuska a tsakiyar kasuwa.

Washegari da safe na sayi goro ƙwarya guda, na yi sallama a zauren Baba. Yana zaune yana jan tsirkiyar ganga. Na durƙusa. Bai ce in tashi ba. Ya amsa gaisuwa, ya tambayi uwata da ke bayan katanga kamar tana Makka, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ruwa. Ni kuwa ina durƙushe. Sannan ya ce, "An ce kun kai gayya Shagari. Ya anka ƙare?"

Na san direban mota ya riga ya ba shi labari tun jiya, amma sai da ya sa na faɗa da bakina, daki-daki. Da na zo wurin wanzami da akwati a ka ya ce in maimaita. Da na zo wurin mata da fura ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya kwanta jikin bango yana share hawaye. Na bar shi ya gama. Sannan na faɗa masa sharaɗin surukina, na ce ya yafe mini, na ce in bai je ba an gama da ni.

Ya jawo gangar ya rataya, ya ɗauki gula, ya kaɗa wani gajeren take, mai nauyi, mai ɗan tsalle a ƙarshe. Ya sake kaɗa shi. Ban san shi ba. Na ɗauka wani sabon wasa ne zai yi da ni.

A bayan katanga uwata na daka. Sai na ji taɓarya ta tsaya. Can sai ga ta a ƙofar zauren, ba mayafi, hannunta duk gari, matar da ban taɓa gani a zauren wani ba. Ta dafa bango tana kallon gangar.

"Taken ubanka na," in ji Baba. "Tun ran da anka ruhe shi ban taɓa shi ba. Da nij ji za ka kai gayya, nis sake ma ganga hwata, don in kaɗa maka shi gaban mutanen Shagari, su ga ko ɗan wa yaz zo. Nit yi ta jiran goro."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ƙato da ni, da gashin bakina, na kifa kai a ƙasan zauren na yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Ba wanda ya rarrashe ni. Uwata ta koma ciki, Baba ya rataye gangarsa a ƙusa, ya zauna ya ɓare goro ɗaya ya jefa a baki.

Sai da ya tauna ya tauna, sannan ya miƙa hannu bayansa ya jawo wata tsohuwar babbar riga ya jefo mini.

"Ta yage ga kahwaɗa," ya ce. "Ba ni zuwa Shagari da ita hakanga. Kai na tela."

A nan zauren na ɗinke ta, da hannu, da tafin da bai warke ba.